Kwalabe Tara na Ƙarƙashin Tebur

Ranar Lahadi

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kun sauka lafiya, Goggo kuma ta karɓe ki hannu bibbiyu. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya sa aikin da za a yi miki a maƙogwaro ya zama ƙarshen wahalar nan.

Na kira Goggo a waya har sau biyu, amma kin san ta da waya: ina tambayar jikinki, tana ba ni labarin kajinta. Ke kuma likita ya ce ki huta da magana. Shi ya sa na ga gara in riƙa rubutowa, tunda Direba yana bi ta unguwarsu duk Litinin, ya dawo Alhamis.

A wurin aiki sun ba ni hutun wata biyu. Da na gaya wa shugaban ɗakinmu na gwajin ruwa cewa shagon mahaifiyata zan je riƙewa, sai da ya cire tabarau ya dube ni. A nan ma mutanenki sun raɗa mini suna, wai Likitan Ruwa.

Ki kwantar da hankalinki, shago yana tafiya. Ina buɗewa ƙarfe bakwai, in kwaɓa fulawa, in yanka kabeji da albasa, in haɗa da niƙaƙƙen nama yadda kika nuna mini. Naɗe bakin ƙullin fulawar bayan na zuba haɗin a ciki ne ya ba ni wuya. Naki kan fito kamar kunnen jariri, nawa kuwa a kwana biyun farko kamar mota ta bi ta kansu. Yanzu da sauƙi, na turarawa ba sa fashewa a tukunya, na suya ma ba sa shan mai.

Miyar dangwale kuwa, na bi takardar da kika bar mini: jan barkono, sukari, tafarnuwa, ruwan kal da gishiri. Inda kika rubuta "hannu ɗaya" ko "ɗan kaɗan", na ɗora a ƙaramin sikeli na rubuta nauyinsa. Yanzu ko wa ya zo zai iya haɗa ta, ta fito iri ɗaya kullum.

Na kuma yi wa shagon wankan tsarki. A ƙarƙashin tebur, bayan labule, na tarar da wasu tsofaffin kwalabe tara, babu rubutu a jikin ko ɗaya, kowace da ragowar wani abu ja ko baƙi-baƙi a ciki. Na juye su duka, na tafasa kwalaben na kife. Kada ki ji haushi, Umma, amma abin da ba a san ranar haɗa shi ba bai kamata ya zauna kusa da abinci ba.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Tela ta dangwala sau ɗaya ta ture ɗan kwanon, ta ce a naɗe mata a takarda za ta ci a shago. Direba ya cinye nasa, amma ya tashi yana shafa ƙirji. Mai Walda cewa ya yi, "Likita, wannan miya ce ko ruwan alewa? Ina yajin?" Alhali ni da na ɗanɗana sai da na yi hawaye, ni da kika san ba na jin yaji. Ina ga barkonon bana ne mai faɗa.

Baba Maigadi na makarantar bayanmu ne kaɗai ya yaba. Ya ce bai taɓa jin ta yi daɗi haka ba, har da yatsa yake suɗe kwanon. Ina ninka masa, jiya ma na zuba masa a leda ya tafi da ita gida.

A gaishe da Goggo. Allah ya ba ki lafiya.

Ɗanki

*

Ranar Laraba

Ɗana, ɗan gidan yayana,

Wa alaikumus salam. Ina gajiya, ina aikin wuta? Ka gode wa Allah, an yi aiki jiya da safe, an fito da ita lafiya. Abin da suka ciro daga wuyan matar nan, sun nuna mini a ɗan kwano, ya kai ƙwan agwagwa. Na ce ashe da wannan take yini tana zuba surutu, ina ga babu shi? Likitan bai yi dariya ba. Yaro ne, bai san mu ba.

Takardarka tun Litinin ta zo, na jefa a jaka na manta, kada ka ga laifina, kaina ya ɗauki zafi. Yau da hantsi na ciro na karanta mata. Da na zo wurin kunnen jariri ta yi murmushi. Wurin sikeli ta girgiza kai. Da na zo wurin kwalabe, sai ta runtse ido ta daɗe ba ta buɗe ba, har na zaci ciwon ne ya motsa. Amma da na karanta maganar maigadin nan, ɗana, sai ta yunƙura za ta tashi da robar ƙarin ruwa a hannu. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ta riƙa dukan katifa da tafin hannu har nas ta shigo da gudu.

Na ce, "Matar yaya, mene ne? Bashi yake bin ki?" Ta harare ni, ta yi alamar biro. Hannunta ba ƙarfi, ta fi rabin awa a kan layi huɗu. Da ta gama ta ninke takardar, ta roƙi nas filasta ta manne bakinta. Ni da na kwana a kan tabarma a gefen gadonta, ni ce ba za a bari in gani ba. Shekara talatin da shida da auren yayana, har yau ba ta canza ba. Ga ta nan a ciki, ban buɗe ba, Allah ne shaidata, ko da yake na ɗaga ta a hasken taga.

Kazata mai wake-wake ta ƙyanƙyashe tara. Ka riƙa cin abinci.

Goggonka

Takardar da ke ciki:

Babban mutum. Kada ka ƙara ba Baba Maigadi miyar tukunya, ko ɗigo. Ka ce ta ƙare. Kada ka tambaye shi dalili, kada ka gaya wa kowa. Kwalaben da ka zubar, su ne shagon.

*

Ranar Lahadi

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, na kuma gode wa Allah da aka yi aiki lafiya. Umma, ban san ta inda zan fara ba.

Takardarku ba ta iso ni ba sai shekaranjiya, kwana tara bayan rubuta ta. Motar Direba ce ta lalace a hanya, ya bar ta a garejin wani gari da takardar a cikin aljihun gaban mota, sai da aka gyara ya tuna.

Ranar Laraba da azahar Baba Maigadi ya faɗi a bakin ƙofar makaranta. Wata malama ce ta rugo ta kira mu, ni da Mai Walda muka ɗauke shi zuwa ƙaramin asibitin bayan kasuwa. Ba shi da nauyi ko kaɗan, Umma, kamar ka ɗauki damin kara. Leɓɓansa sun bushe, yana ta neman ruwa. Nas ta soki yatsansa ta duba ɗan injinta, sai ta dube mu ta ce, "Wa ke ba dattijon nan abinci?" Mai Walda ya nuna ni. Ta ce ciwon sukari gare shi, ya daɗe da shi, ga shi ya yi kwanaki bai karɓi maganinsa ba. Ta tambayi abin da yake ci. Na lissafa mata, har da nauyin sukarin da ke cikin kowane ludayi, domin ni na auna shi da hannuna. Ban taɓa jin kunyar sanin lissafi ba sai ran nan.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara faɗa shi ne, "Likita, kada makaranta su ji. In suka ji, za su ce na tsufa." Na ce masa babu mai ji daga bakina. Mun gaya wa malamar jiri ne ya ɗebe shi saboda rana. Yana samun sauƙi, 'yarsa tana wurinsa, sun ce za a sallame shi cikin makon nan.

Da takardarki ta zo na karanta, sai na rufe shago na zauna a kan benci. Na jawo kwalaben nan tara na jera su a gabana, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa ko zan ji wani abu. Na wanke su da kyau, Umma. Ba abin da ke tashi sai sabulu.

Tela ta daina zuwa. Mijinta ya ce mini juna biyu gare ta, wata uku ke nan ba abin da ke zama a cikinta sai ƙullinki da miyarki, yanzu shi ma ya daina zama. Direba ya koma cin nasa gaya, ba miya. Benci biyu ne a shagon, ɗaya ya ishe mu yanzu.

Shekara ashirin da biyu ina ganin hannunki yana shiga bayan labulen nan yana fitowa, na ɗauka cokali kike ɗaukowa. Me ke cikin kwalaben? Yaya aka yi kika san ciwon Baba, alhali 'yarsa ta ce ko maƙwabtansu ba su sani ba? In hannunki zai iya, ki rubuto mini ko layi biyu-biyu ne a rana. Na ajiye sikelin.

Ki yafe mini.

Ɗanki

*

Na fara Litinin, na gama Laraba

Babban mutum,

Wa alaikumus salam. Na yafe. Laifina ya fi naka, tafiyar ta zo da gaggawa, numfashi nake nema, ban tuna ba. Kuma abin da hannu ya saba yi, mutum mantawa yake aiki ne. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin manya ne.

Miyar tukunya ta baƙo ce, wanda ban sani ba tukuna. Wanda na sani, rabin cokali nake sa masa don kala, wani ma ba na sa masa sam. Sauran daga kwalabe.

Ta ɗaya, jan tattasai. Ka gasa a wuta har bayansa ya yi baƙi, ka rufe a kwano ya yi gumi, ka saɓule, ka niƙa. Ita ce uwar ja, ba ta da yaji.

Ta biyu, albasa. Wuta ƙasa-ƙasa, mai kaɗan, ka yi ta juyawa har ta narke ta yi kalar ƙasa. Za ta kai awa biyu. Kada ka gaji ka ƙara wuta, ɗaci za ta yi. Zaƙinta a jikinta yake. Ta Baba ke nan: tattasai, albasa kaɗan, citta, ɗigon lemun tsami. Shekara shida bai ci sukarina ba.

Ka ce yaya na sani. Kofi uku na ruwa yake sha kafin ya taɓa abinci. Ya yi tuntuɓe a babban yatsa, wata biyu yana zuwa da tsumma ɗaure. Ran nan ya ciro hankici, katin asibiti ya faɗo, na miƙa masa a kife. Ba duba na yi ba, kallo ne kawai.

Ta uku dabino ne, jiƙaƙƙe, niƙaƙƙe. Ta huɗu tsamiya. Su biyun da citta su ne na Tela, tsamiyar ta fi yawa, kada tafarnuwa ta kusance ta, warinta ke tayar mata da zuciya. Tun kafin ta gaya wa mijinta na canza mata.

Ta biyar citta da masoro a mai. Direba gyambon ciki gare shi, amma namiji ne mai son a ce yana cin yaji. Ka ba shi tattasai da dabino, ka ɗiga wannan kaɗan. Zai ji ɗumi a baki, cikinsa bai ji ba.

Ta shida soyayyen barkono zalla, da 'ya'yansa. Ta Mai Walda ce, hayaƙin ƙarfe ya kashe masa harshe. Ka sa har sai kai ka ji tsoro.

Ta bakwai riɗi, ta takwas abarba da aka dafa ta kama jikinta, in babu abarba mangwaro. Ta tara zuma da ɓawon lemo, don mai tari. Waɗannan sai ka ga mutum za ka san na wa ne.

Barkonon bana lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka cin yaji. Tun kana shekara bakwai tattasai da abarba nake ba ka, kana cika baki a gaban abokanka. Na bar ka, ba ka cuci kowa ba.

Yanzu ka ji abin da ya fi duka. Kowane kwano ya fito ja iri ɗaya. Mutum biyu na zaune a benci ɗaya, kada ɗaya ya leƙa na ɗaya ya ga bambanci. Wanda ya zo cin abinci ba asibiti ya zo ba, kada ka tuna masa ciwonsa. In hannunka ya shiga bayan labule, bakinka ya yi ta aiki. Tambaye shi yara, tambaye shi mota, tsokane shi. Yana kallon fuskarka, ba ya kallon hannunka.

Goggonka tana cewa na cika surutu. Da bakin nake rufe hannun. Likita ya ce murya tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. In ba ta dawo ba, ban san da me zan rufe ba.

Ka je ka gaishe da Baba. Kada ka kai masa lemon kwalba.

Umma

*

Ranar Lahadi

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina fata jiki yana ƙara sauƙi. Na yi mako biyu ban rubuto ba, ina so ne in sami abin faɗa tukuna.

Na karanta takardarki ya fi sau goma. Maganar tattasai da abarba kuwa, na yi dariya ni kaɗai a shago har mai wankin mota na tsallaken titi ya leƙo. Daga baya kuma na daina dariyar. Abinci nawa na ci daga hannunki ban san nawa ne ni kaɗai ba?

Albasa ta ƙone mini sau uku. A na huɗu na ja kujera na zauna a gabanta kamar mai jinya, sai ga ta ta narke, ta yi wani zaƙi da ban taɓa sanin yana cikin albasa ba. Na tsaya da cokali a baki ina mamaki, abin da ke sa mutum hawaye ɗanye, shi ne wannan. Wurin daidaita kala ne kawai aikina ya yi mini rana. Na ɗiga kowane haɗi a farin faranti na fita da shi hasken rana, yadda muke duba ruwa. Ta Tela ce ta fi ba ni wuya, dabino da tsamiya suna ja ta zuwa baƙi. Ke da ido kawai kike yi, kina magana, ga layi a gabanki.

Na aika wa Tela ta hannun mijinta. Washegari sai ga ta da kanta, da tef ɗin awo a wuya. Ta ci shida a zaune, ta ce, "Umma ta dawo ne ba a gaya mini ba?" Direba ya share kwanonsa yana fifita baki da hannu, yana gaya wa Mai Walda, "Ka ji yaji na maza." Mai Walda, wanda nasa zai iya huda kwano, ya gyaɗa kai yana share gumi. Kowa ya gamsu abu ɗaya suke ci. Ni dai surutun ne ban iya ba. Ranar farko da hannuna ya shiga bayan labule, rasa abin faɗa na yi, na tambayi Direba yaya ake tace ruwa a garinsu.

Baba Maigadi ya dawo aiki ranar Litinin. Na ajiye masa nasa. Ya dangwala, ya tauna a hankali. Da benci ya rage mu biyu sai ya ce, "Albasarka ba ta kai tata ba, amma ka kama hanya."

Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

Ya ce, "Yaro, harshena ciwo bai taɓa shi ba. Tun ranar da ta miƙo mini katina a kife na ji miya ta canza. Ba ta ce ba, ban ce ba. Da ka zo da taka mai sukari, na san ba tawa ba ce. Kwaɗayi ne, na ce bari in ɗan sha iska kafin mai shagon ta dawo. Kada ka ɗora wa kanka." Sai ya ce in gaya miki, shekara shida yana neman ranar da zai yi godiya, bai sami hanyar da ba za ta ɓata abin ba.

Umma, na yi ƙoƙarin zana jadawali, suna a gefe, haɗi a gefe. Na kai mutum arba'in da ɗaya, wasu daga bakin matansu na tsinto, wasu daga abin da suke bari a kwano. Sai na lura ko mutum ɗaya ba kullum yake zama mutum ɗaya ba. Ranar da Mai Walda ya yi faɗa da ɗansa, ko rabin barkonon bai iya ci ba. Na yaga jadawalin. Duk wannan a kanki yake, ba takarda, ba sikeli, kuma kowace safiya sabo. A ɗakin gwajinmu muna da injin da aka kawo daga nesa, ana shiga wurinsa da farar riga, abu goma sha biyu yake iya ganowa a ruwa. Na daɗe ina alfahari da shi.

Jiya wata baƙuwa ta zo, mai sharar ofisoshin can gaba. Na ga tana tauna ta gefe ɗaya, tana kare kunci da hannu. Na bar tsami da barkono, na haɗa mata riɗi da dabino da tattasai, ina tambayar ta ko tsintsiyar roba ta fi ta kaba. Ta cinye, ta ce gobe ma za ta zo. Na bi ta da kallo har ta sha kwana.

A gaishe da Goggo da kajinta.

Ɗanki

*

Ranar Laraba

Ɗana,

Sallama da gaisuwa. Wannan tsakanina da kai ne, tana barcin rana nake rubutawa.

An sallamo mu, muna gida kwana goma ke nan. Ciwon waje ya warke, an cire zare. Amma uwarka ba ta cin abinci. Haɗiya tana yi mata wuya, yaji ko tsami in ya taɓa wurin sai ta yi ta tari har hawaye. Abin da babu su kuma, ta kai cokali biyu ta ture. Na yi romo, na yi shinkafa ruwa-ruwa, na yanka mata kazata guda, wadda nake ji da ita. Ta rubuta mini a takarda wai, "Ruwan wanka." Ka ji fa. Zaninta yanzu sai ya zagaye ta sau biyu.

Likita ya ce in ba ta ci ba ƙarfi ba zai dawo ba, muryar ma haka. Har yanzu iska ce kawai ke fita.

Takardarka ta ƙarshe tana ƙarƙashin matashinta. Ba ta ba ni na karanta ba, da kanta ta bi ta da yatsa. Na ga ta kai wani wuri ta rufe fuska da mayafi. Me ka rubuta mata haka?

Na tambaye ta me take marmari, ta ɗaga kafaɗa. Ina ga ita kanta ba ta sani ba. Kai da ka gaji tukunyar, ka yi wani abu.

Goggonka

*

Ranar Lahadi

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki. Kada ki yi wa Goggo faɗa, ta kyauta da ta gaya mini.

Na tambayi Tela, na tambayi Direba, na tambayi Baba, me Umma take sa wa nata kwanon? Babu wanda ya taɓa ganin kin zauna kin ci. Ni ma da na bincika kaina, abin da na tuna shi ne kina lasar bayan cokali a tsaye, ki ce kin ƙoshi da ƙamshi.

Don haka ba ni da abin bi sai kallo, yadda kika ce. Na zauna na tuno abin da hannunki kan kai wa in mun je kasuwa, da abin da kike ajiyewa gefe in kina yanka, da abin da kike shinshinawa ki mayar ki ce ya yi tsada. Kwana uku ina haɗawa ina zubarwa.

Ga kwalba nan a hannun Direba, na naɗe ta da tawul, tare da ƙulli ashirin. Na murza fatarsu siririya, na niƙa naman sosai. Goggo ta turara su har su yi laushi, kada ta soya. Babu barkono a miyar, babu tsami. Ja ce kamar ta kowa.

In ba ta yi ba, ki rubuto mini "ruwan wanka", zan sake.

Ɗanki

*

Ranar Laraba

Babban mutum,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso.

Na ci bakwai ranar Litinin. Jiya tara. Sauran Goggonka ta ce ɗanɗanawa take yi.

Akwai tattasai. Akwai gwanda, ban san ka lura ba. Akwai man riɗi. Akwai abu na huɗu. Na juya shi a harshe, na shinshina, na shafa a bayan hannu na duba a rana. Ban gane shi ba. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa sa mini abu a baki na kasa faɗin sunansa ba.

Kada ka rubuto mini. Kada ka gaya wa Direba, zan tatsa daga bakinsa. Ranar Alhamis ta sama zan biyo shi. Ka ajiye mini wuri a benci, ka haɗa a gabana, hannunka a bayan labule. Ka yi ta surutunka na ruwa. Ni zan yi kallo.

Allah ya yi maka albarka.

Umma